Yadda Za Ka Gano Abin da Ya Canza a Inshorar Motarka Kafin Ka Sabunta

Inshorar mota yarjejeniya ce ta wata 12. Ranar da wa'adinta ya cika ta ƙare ke nan, kuma abin da ake kira sabuntawa wata yarjejeniyar ce ake ƙullawa daga farko, ko da kamfanin nan ne dai, dillalin nan ne dai, motar ma ita ce. Abin da ke ruɗar masu mota shi ne satifiket ɗin bana da na bara kamar an tsaga kara: suna, lambar mota, ranar farawa, ranar ƙarewa. Sai mutum ya ninke shi ya cusa cikin sauran takardun mota, yana zaton kariyar da ya saya shekara biyar da suka wuce ita ce har yau. Alhali ba a satifiket ake rubuta sharuɗɗa ba. Suna cikin wasu takardun da da yawa daga masu mota ba su taɓa karɓa ba, kuma can ne ake sauya abubuwa shekara bayan shekara. Wani sauyin doka ce ke kawo shi, wani kamfani ne, wani kuma kai mai motar ne ka jawo shi ba tare da ka sani ba.

Takardun da za ka fara tattarowa

Kafin ranar ƙarewa da kamar mako uku, nemi dillali ko kamfani ya ba ka cikakkun takardun bana da za ka shiga, ka kuma fito da na bara. Guda biyar ne. Akwai fom ɗin da ka cike tun farko, inda ka faɗi irin motar, darajarta, aikin da take yi da masu tuƙa ta. Duk abin da ke cikinsa ana ɗaukar sa maganarka ce, ko da wani ne ya cike maka. Akwai satifiket, wanda jami'an hanya ke dubawa. Akwai jadawali, shafi ɗaya ko biyu mai ɗauke da lambar shasi, lambar injin, darajar motar, kuɗin da ka biya, iyakar diyya, da kason da za ka ɗauka da kanka in an yi haɗari. Sai kundin sharuɗɗa, mai shafuka da yawa da ƙananan rubutu. Na ƙarshe su ne ratayen gyara, gajerun sakin layi masu lamba da ake liƙawa a bayan jadawali domin ƙara wani sharaɗi ko cire shi.

Riƙe wannan ƙa'idar: idan rataye da kundi suka saɓa, maganar rataye ake bi. Kundi na iya cewa an rufe satar mota, rataye mai layi uku ya ce sai in akwai na'urar bin diddigi mai aiki a jikinta. Saboda haka daga rataye ake fara karatu, a koma jadawali, kundi ya zo a ƙarshe. Duba kuma ƙasan shafin farko na kundin. Kamfanoni da yawa kan sa lambar bugu ko shekara a wurin. In lambar bana ta bambanta da ta bara, an taɓa rubutun, kuma kana da haƙƙin ka nemi a nuna maka wuraren da aka taɓa a rubuce.

Abin da doka ta sauya

Tilascin yin inshorar ɓangare na uku, wato wadda ke biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wasu, a Najeriya ya samo asali ne daga dokar 1945, wadda ta fara aiki a 1950. Hankalin waccan dokar yana kan ran mutum da raunin da mota ta ji masa. Dokar Inshora ta 2003 ce ta shigo da ɓarnar dukiyar wani cikin tilas, da iyakar Naira miliyan 1, kuma shekaru da dama ana biyan N5,000 a kan motar gida.

Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora, ta sauya farashin. Motar gida ta koma N15,000, iyakar diyyar dukiya ta tashi zuwa miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita N20,000 da iyakar miliyan 5, babbar motar dakon kaya N100,000 da miliyan 5, Keke Napep N5,000 da miliyan 2, babur N3,000 da miliyan 1. Don haka duk wanda ya miƙo maka takardar motar gida a kan N5,000 yau, farashin keke ya ba ka, kuma kusan tabbas takardar ta bogi ce. Wannan umarnin na NAICOM ne kuma ya ce kuɗin cikakkiyar inshora, wadda ke kare motarka ita ma, kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar bayan an cire duk wani rangwame. Motar miliyan 10 ke nan ba za ta gaza N500,000 a shekara ba. Wanda ya saba samun ragi mai kauri saboda ya yi shekaru bai nemi diyya ba, nan ne ragin nasa ya tsaya.

Miliyan 3 ɗin nan ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Iyakar ta shafi dukiya ce kawai. Mutuwa da rauni ba a ƙayyade musu adadi irin wannan ba. Amma a farashin kayan gyara na yanzu, ka bugi jif ƙirar 'yan shekarun nan ta baya, ƙofar but da bamba da fitilu biyu da na'urorin da ke cikinsu za su iya cinye miliyan 3 tun ba a yi maganar fenti ba. Abin da ya haura, aljihunka ne. Kamfanoni na yarda su ɗaga wannan iyakar in ka ƙara kuɗi, kuma ga mai yawan shiga cunkoson Abuja, Kano ko Kaduna, wannan ƙarin ya fi yawancin ƙyale-ƙyalen da ake tallatawa amfani.

Sai ƙa'idar ba biya ba kariya. Tana cikin dokar 2003, amma daga 1 ga Janairun 2013 aka fara aiki da ita ba sani ba sabo. Tsohuwar al'adar nan ta “sabunta min, zan aiko da kuɗin ƙarshen wata” ba ta ba ka komai. Haɗarin da ya faru tsakanin ranar ƙarewa da ranar da kuɗi ya shiga, naka ne kai kaɗai. A Nijar ma haka abin yake, tun da aka gyara sashe na 13 na dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a ƙasashen Afirka da dama, galibi masu magana da Faransanci, a 2011.

Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken inshorar ɓangare na uku a duk ƙasar. A watan Agustan shekarar kuma aka sanar cewa Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta shafe dokar 2003 da tsohuwar dokar 1945, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanonin da ke irin wannan inshora zuwa Naira biliyan 15. Ga mai mota wannan na nufin abu biyu. Kundin da ke ambaton tsoffin dokoki dole a sake rubuta shi, kuma lokacin sake rubutu ne ake shigar da wasu gyare-gyaren da ba doka ce ta sa ba. Sannan kamfani na iya haɗewa da wani ko ya sauya suna. Duba sunan da ke kan satifiket ɗinka, ka tabbatar yana cikin jerin masu lasisi a shafin NAICOM. Lasisi na iya faɗuwa: a 2022 hukumar ta soke na Niger Insurance da Standard Alliance.

Darajar mota, inda aka fi yin asara

In cikakkiyar inshora kake yi, adadin da ya fi kowane muhimmanci shi ne darajar da aka rubuta a jadawali. Shi ba ya motsi sai ka motsa shi, kasuwa kuwa ba ta jira. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen N460 a farashin hukuma. A cikin 2024 ta haura N1,500. Motocin da ake shigowa da su da kayan gyaransu duk sun bi ta. Wanda ya bar tsohon adadi yana murna kuɗin shekara bai ƙaru ba, rabin motarsa ko ƙasa da haka yake karewa.

Ɗauki misali. An rubuta wa Corolla darajar miliyan 4, yau a kasuwa miliyan 10 take. In an sace ta ko ta ƙone ƙurmus, ba za a biya fiye da miliyan 4 ba. Wannan kowa ya gane. Abin da ba a cika sani ba shi ne wasu kamfanoni sun sa sharaɗin biya gwargwadon rabo ko a ƙaramin haɗari. Gyara ya kama miliyan 2, sai a ce tunda kashi 4 cikin 10 na darajar ka biya wa inshora, kashi 4 cikin 10 na gyaran za a ba ka: N800,000. Sannan a cire kasonka. In jadawali ya ce kashi 10 na diyya ko N50,000, duk wanda ya fi yawa, an cire N80,000 ke nan, ka tashi da N720,000 a gyaran miliyan 2. Nemi wannan sharaɗin a ratayen bana ko da babu shi a na bara.

Maganin abin mai sauƙi ne. Kafin sabuntawa, tambayi dilolin mota biyu ko uku nawa irin taka take, shekararta ɗaya, lafiyarta ɗaya, ka rubuta matsakaicin farashin. In kasuwa ta yi tsalle a tsakiyar shekara, ba sai ka jira ba. Ana ƙara daraja da rataye, a biya cikon kuɗin watannin da suka rage. Kada kuma ka zuga adadin. Yawancin kundaye sun ce ana biyan darajar kasuwa a ranar asara ko adadin jadawali, duk wanda ya fi ƙanƙanta, don haka ƙarin da ka yi kuɗin banza ka biya a kansa.

Wuraren da kamfani ke taɓawa a kundi

Jera jadawalin bara da na bana gefe da gefe, ka bi su layi-layi da biro. Fara da kason mai mota. Yakan tashi shiru, daga tsayayyen adadi ya koma kaso cikin ɗari, ko a ƙara wani na daban a kan gilashin gaba, ko a kan direba mai ƙarancin shekaru ko sabon lasin. Wasu kamfanoni na sayar da ratayen da ke ɗauke maka wannan kason. Duba ko wanda ka saya bara ya biyo ka bana, domin ba kullum yake biyowa da kansa ba.

Daga nan sai togaciya, wato jerin abubuwan da kamfani ya ce ba ruwansa da su. Kalmar “cikakkiya” tana yaudarar mutane a nan. A tsarin da aka gada, ambaliya da tarzoma da yajin aiki da zanga-zanga duk a waje suke, sai an saye su daban da rataye. Wasu kamfanoni yanzu sun shigar da su ciki, wasu kuma sun sa musu iyaka ta daban ƙasa da darajar motar. Bayan ƙone-ƙonen Oktoban 2020 lokacin zanga-zangar EndSARS, da ɓarnar da aka yi a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024, da ambaliyar Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, babu mai motar da ya kamata ya bar waɗannan layukan bai karanta ba. A batun ruwa, karanta har ƙarshen sakin layin. Akwai kundin da ke rufe motar da ruwa ya ci a inda take ajiye, amma ya cire wadda direba ya kutsa da ita cikin ruwa da ganganci, ko wadda aka yi wa ki bayan ta nutse. Injin da ya sha ruwa in aka tayar da shi, ruwan ba ya matsuwa a cikin silinda, sai sandunan fistin su lanƙwashe. Kamfani zai ce wannan ɓarnar hannunka ce. Cire kan batir, kira janwe, ɗauki hotuna da ke nuna inda ruwan ya kai.

Yaƙi da ta'addanci kusan ko'ina a waje suke. Ga mai bin hanyoyin da ake fama da 'yan bindiga, tambayar ita ce: in an tare hanya aka ƙwace motar ko aka banka mata wuta, a wane babi kamfani zai sa abin, fashi ko ta'addanci? Yi tambayar a rubuce, ka ajiye amsar.

Sharaɗin na'urar bin diddigi ma yana sauyawa. Da darajar mota ta haura wani adadi, kamfani kan wajabta ta. Motar da bara ba ta kai ba, bana da ka gyara darajarta tana iya faɗawa ciki. Kuma sa na'urar kaɗai bai wadatar ba. In layin da ke cikinta ya mutu ko ba a biya kuɗin shekararta ba, ranar sata kamar babu ita ne.

A ɓangaren gyara, duba abu huɗu: ko dole sai garejin da kamfani ya amince da shi ko kana iya kai wa bakanikenka da fanalbitanka, ko da sababbin kaya za a yi lissafi ko da na Beljiyam, nawa ake ragewa na tsufa a kan taya da batir, da kuma kaso nawa na darajar motar kuɗin gyara zai kai kafin a ce ta mutu, a biya ka a ɗauke gawar. Kuɗin janwe shi ma yana da iyaka, kuma sau da yawa tsohon adadi ne da ba zai jawo mota daga Zariya zuwa Kaduna ba.

Akwai kuma kwanakin da aka ba ka ka sanar da haɗari. Ko nawa aka rubuta, sanar a ranar. Kada ka fara gyara kafin mai duba ɓarna na kamfani ya gani, kada kuma ka sa hannu a takardar amsa laifi a gefen titi ko a wajen sulhu, domin kusan kowane kundi ya hana haka ba da izinin kamfani ba.

Sauyin da ya fito daga wajenka

Wani lokaci kundi bai motsa ba, rayuwar motar ce ta motsa. Inshorar motar gida an gina ta ne a kan harkokin gida, ziyara da zuwa aiki. Ɗaukar fasinja don kuɗi a waje yake. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ma'aikata da yawa sun koma kabu-kabu a hanyar ofis, wasu sun yi rajista da Bolt ko Uber ko inDrive. Ranar da aka yi haɗari da fasinjan haya a ciki, rahoton 'yan sanda zai nuna, kuma kamfani na da hujjar ƙin gyara maka mota. Faɗa musu tun da wuri a mayar da ita ajin haya.

Mayar da mota mai amfani da gas na CNG gyara ne babba: an ƙara tulu, an ja bututu, haɗarin gobara ya sauya kama. Sanar da kamfani a rubuce, ka haɗa da takardar cibiyar da ta yi aikin, ka sa a ƙara kuɗin kayan a darajar motar. Haka in ka sauya injin, lambar da ke jadawali ta daina dacewa da wadda ke jikin motar, kuma wannan saɓanin kaɗai na iya tsayar da diyya watanni. Sauya launi ko lambar mota ma haka.

Duba layin masu tuƙi. Wani jadawalin ya ce duk wanda mai mota ya ba izini kuma yake da lasin mai aiki. Wani ya lissafa sunaye. Yaron gida da ya girma ya fara karɓar makulli, ko sabon direba, in sunaye aka lissafa ba sa ciki. Lasin da ya ƙare kuwa matsala ce ko a hannun wa yake.

In ka sayar da motar, inshorar ba ta bin ta. Mai saye ya yi tasa, kai kuma ka sanar domin a soke taka ko a mayar da ragowar watannin kan sabuwar motarka.

Ƙetare iyaka

Tun 2023 inshorar ɓangare na uku a Najeriya tana haɗe da katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, tsarin da aka kafa tun 1982. Katin ɓarnar da ka yi wa wasu kawai yake rufewa. Motarka kuwa, yawancin kundaye sun tsayar da kariyarta a cikin Najeriya, sai an faɗaɗa da rataye. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka mai zuwa Maraɗi ta Jibiya ko Ƙonni ta Illela ya karɓi tabbaci a rubuce daga kamfaninsa kafin ya tashi. Kamaru da Chadi dama ba sa cikin wannan tsarin. Su katin CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, mai ruwan hoda suke amfani da shi.

Masu takaful

NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful sun sami lasisi a 2016. A nan gudummawa ake bayarwa cikin asusun taimakon juna, kamfani ya ɗauki ladan wakilci. Duk abin da aka faɗa a sama game da daraja, togaciya da masu tuƙi ya shafe su. Ƙarin abin da za ka kwatanta tsakanin bara da bana shi ne kason wakilcin, da sharaɗin rabon rarar da ta saura a asusun: wa ke samu, kuma ko wanda ya karɓi diyya a shekarar yana ciki.

Ranar biya

Idan ka gama kwatantawa, rubuta duk bambancin da ka gani a saƙo ɗaya, ka aika wa kamfani ko dillali ta imel ko wasiƙa, ka nemi amsa a rubuce. Alkawarin baki na ma'aikacin talla ba ya cikin yarjejeniya. Duk abin da aka amince da shi sai ya fito a rataye mai lamba da kwanan wata. Biya kai tsaye cikin asusun kamfani ko na dillali mai lasisi, ba asusun wani mutum ba, ka karɓi rasit. Sa ranar farawa ta kama daidai da ranar da tsohuwar ta ƙare, kada a bar giɓi ko na yini ɗaya.

Bayan kwana ɗaya ko biyu, shiga askniid.org ko ka danna *565*11# ka sa lambar motar. Wannan rumbun bayanai na ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa shi jami'an hanya ke dubawa. Tabbatar sunan kamfani, ranakun da lambar motar sun dace da satifiket harafi da harafi. Sifili da aka rubuta a madadin harafin O ya isa ya sa a ce motarka ba ta ciki. In ba ta fito ba, koma wa kamfani ya ɗora ta, in ya yi ta ja maka rai ka kai ƙorafi sashen koke-koke na NAICOM da kwafin rasit da satifiket. Sannan ka ɗauki hoton motar ta kusurwa huɗu, da na mitar tafiya da lambar shasi, ka ajiye su wuri ɗaya da takardun bana. Na bara ma kada ka yar, domin haɗarin da ya faru a ƙarshen waccan shekarar da sharuɗɗanta za a yi masa hukunci, ko da sai a bana mai ƙorafi ya bayyana.